Taken Jam'iyya: Daga "Sawaba" Zuwa "Sai Wane"

A kowane filin gangamin siyasa a ƙasar Hausa, kafin ɗan takara ya ce uffan, sai wani ya karɓi lasifika ya ɗaga murya ya kira sunan jam'iyya, dubban mutane su amsa masa da kalma guda. A sake, su sake. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ɗumama fili kawai kafin manya su yi jawabi. Ni kuwa ina ganin wannan kalma da taro ke amsawa ta fi jawabin nauyi, domin jawabi yakan ƙare a filin, amma take yakan bi mutum har gida, ya shiga kasuwa da tasha da majalisar ƙofar gida, yara su ɗauka suna yi a lungu. Mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba za su taɓa ganin kundin manufofin jam'iyya ba, wanda galibi da Turanci ake rubuta shi a ajiye a Abuja. Abin da ya iso gare su daga aƙidar jam'iyya shi ne takenta. Don haka abin da take ya koya wa talaka ya nema, shi zai nema, kuma abin da ya koya masa ya yi shiru a kai, shi zai yi shiru a kai. Abin da nake son nunawa a wannan sharhi shi ne, a cikin shekara saba'in da 'yan kai, takenmu na siyasa ya tashi daga faɗar buƙata ya koma kiran sunan mutum, kuma wannan sauyi ya rage wa jama'a ikon bin bashin alƙawari.

Mu fara daga Kano, ranar 8 ga Agusta, 1950, ranar da wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU. Takenta shi ne "Sawaba". Wanda bai san zamanin ba zai iya cewa fatan alheri ne irin wanda kowa ke yi wa kowa. Amma manomin da ya amsa wannan take a Kano ko Zariya ya san sarai daga me yake neman sawaba. Yana nemanta daga haraji da jangali da yadda ake karɓarsu, daga aikin tilas a gonar hakimi, daga ɗan doka da kotun alƙali da gidan yari waɗanda duka suke hannun En'e, wato hukumar da ke ƙarƙashin sarki. Jam'iyyar ma ba ta bar mutane suna lalube ba. Ta fitar da takardar da aka sani da Sanarwar Sawaba, wadda ta ce ƙarara akwai rikicin aji tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, kuma maganin shi ne a mayar da waɗannan hukumomi hannun jama'a ta hanyar zaɓe. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauko abu uku: wanda aka zalunta, wanda ya yi zaluncin, da gyaran da ake so. Wannan ita ce aƙida, ko da ba a taɓa buɗe littafi ba. Shi ya sa furta kalmar ya zama laifi a wurare da dama, aka daki mutane aka ɗaure su saboda ita, kuma shi ya sa wata matashiya 'yar Zariya, Hajiya Gambo, ta sha ɗauri sau da yawa har kalmar ta zame mata suna.

A ɗaya ɓangaren akwai NPC, jam'iyyar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda magoya bayanta ke amsawa da "Salama", kuma babban takenta ke cewa Arewa ɗaya ce, al'umma ɗaya ce, ba tare da duba addini ko muƙami ko ƙabila ba. Kuskure ne a ce wannan take ba shi da aƙida don kawai na masu mulki ne. Yana da ita, kuma mai ƙarfi. Yana cewa babban haɗarin da ke gaban ɗan Arewa ba hakiminsa ba ne, ratar ilimin boko ce da ke tsakaninsa da Kudu, wadda za ta sa a mamaye ofisoshin gwamnati bayan Turawa sun tafi. Saboda haka a haɗa kai, a bar sarauta yadda take, a yi gyara sannu a hankali. Daga wannan tunani manufar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa ta fito, daga shi kuma aka kafa jami'a a Zariya a 1962. A lura da kalmar muƙami a cikin taken: amsa ce kai-tsaye ga NEPU. Su suna cewa al'umma ta rabu biyu, masu sarauta da talakawa, NPC tana cewa wannan rabuwa ba ita ce abin dubawa ba. Mutumin da bai iya karatu ba, idan ya ji "Sawaba" daga wannan gefe da "Salama" daga wancan, ya san an gabatar masa da hanyoyi biyu na fahimtar halin da yake ciki, kuma dole ya zaɓi ɗaya.

Mai adawa da wannan magana zai ce, to me taken ya tsinana? A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta samu kujeru 134, NEPU ta tashi da 8. Idan take yana juya ra'ayin jama'a, ina amfanin "Sawaba"? Amsa ta farko ita ce filin ba daidai yake ba: En'e ke ba da izinin taro, ita ke da 'yan doka da kotu, mata kuma a Arewa ba su da ƙuri'a sam a wancan lokaci. Amma amsa ta biyu ta fi muhimmanci. Ba a auna tasirin take da kujerun zaɓe ɗaya, ana auna shi ne da abin da ya mayar abin kunya. Kafin NEPU, haraji da ikon sarki a kan kotu abubuwa ne da ake gani kamar da su aka halicci duniya. Bayan shekara ashirin ana maimaita kalma ɗaya, sai suka zama abubuwan da dole mai kare su ya kawo hujja. Gwamnatocin soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Da magajiyar NEPU, wato PRP ta Malam Aminu Kano, mai taken "Nasara" da alamar mabuɗi, ta ci Kano da Kaduna a 1979, abu na farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi shi ne soke haraji da jangali. Ba su da wata mafita, domin jama'ar da ta zaɓe su ta kusa shekara talatin tana jiran wannan rana, kuma ta san abin da aka yi mata alƙawari. Alƙawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma taken da ya ambaci buƙata yakan ɗora wa mai shi kayan a bainar jama'a.

Haka abin yake a Kudu maso Yamma a wancan zamani. Jam'iyyar UPN ta Obafemi Awolowo ta shiga zaɓen 1979 da alƙawura huɗu da kowane ɗan kasuwa a Ibadan zai iya lissafawa, na gaba a cikinsu ilimi kyauta. Da ta ci jihohi biyar, gwamnoninta ba su iya zillewa ba. Lateef Jakande ya yi ta gina azuzuwa a Legas cikin gaggawa, ana sukar ingancinsu, amma yara sun shiga. A Arewa maso Gabas kuma Waziri Ibrahim na GNPP ya zo da "siyasa ba da gaba ba", maganar da ta rayu bayan jam'iyyar ta mutu, har yau ana jawo ta idan 'yan siyasa suka fara zare wuƙa.

A ƙetaren iyaka ma, Nijar ta ga irin wannan. Jam'iyyar Djibo Bakary ita ma Sawaba ake kiranta, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958 ta nemi jama'a su ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa. Ta sha kaye, aka haramta ta a 1959, shugabanta ya yi gudun hijira. Da aka dawo siyasar jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990, kusan kowace jam'iyya ta liƙa wa sunanta na Faransanci kalmar da talaka zai riƙe: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lafiya, daga baya Lumana. 'Yan siyasar Nijar sun gane cewa haruffan Faransanci ba sa shiga zuciyar manomin Maraɗi ko Damagaram. Sai dai a nan ne kuma matsalar da nake magana a kai ta fara bayyana, domin waɗannan kalmomi duka kyawawa ne, kuma babu ɗaya da ke da abokin hamayya. Wa zai tashi ya ce shi ba ya son rahama, ko yana ƙin zaman lafiya? Kalmar da babu mai musunta ba ta raba hanya, kuma wadda ba ta raba hanya ba, ba za a iya cewa an saɓa mata ba.

Mafi muni shi ne taken da ke ɗauke da aƙida yana ɓoye ta. "Tazarce" misali ne da ƙasashen biyu suka sani. A Najeriya an yi shi a 1998, lokacin da aka tara jama'a a Abuja suna roƙon Janar Sani Abacha ya zarce, jam'iyyu biyar da ake da su kuma duka suka tsayar da shi ɗan takara. A Nijar ya dawo a 2009, lokacin da Mamadou Tandja ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta don ƙara wa kansa shekara uku. A kunne, taken yana nufin a bar mai aiki ya ƙarasa aikinsa, kuma mutane da yawa da zuciya ɗaya suka amsa shi, musamman mutanen karkara da suka ga rijiyoyi da azuzuwa da ɗakunan shan magani a zamanin Tandja. Amma abin da ke ƙarƙashinsa shi ne cewa mutum ɗaya ya fi doka, kuma ƙasa ba za ta iya tafiya ba sai da shi. Ba a taɓa faɗar haka a lasifika ba, domin da an faɗa da mutane sun tsaya sun yi tunani. Ƙarshensa sojoji ne suka shiga fadar shugaban ƙasa a Yamai ranar 18 ga Fabrairu, 2010.

Wannan ya kawo mu zamaninmu. PDP ta yi shekara 16 tana mulki da taken da ke cewa mulki na jama'a ne, har shugabanta na ƙasa Vincent Ogbulafor ya ce za su yi shekara 60 a kan karaga, maganar da ita kanta ta ƙaryata taken. A 2015 APC ta zo da "Canji". Adalci ne a ce wannan take yana da abin da ke bayansa: Muhammadu Buhari ya yi ta nanata abu uku, tsaro da yaƙi da cin hanci da tattalin arziki, kuma a shekarar da bama-bamai ke tashi a tashoshin mota da masallatai, babu mai tambayar me ake so a canja. Ya samu ƙuri'a miliyan 15 da 'yan kai, kusan miliyan 2 daga Kano kaɗai, aka kayar da shugaba mai ci a karon farko a tarihin ƙasar. Wanda ke cewa take ba ya aiki, ya tuna wannan shekara. Amma ku tuna abin da aka fi ji a titi. "Sai Baba" ne, da "Sai Mai Gaskiya", da kuma "sak", wato a zaɓi jam'iyyar daga sama har ƙasa ba tare da duba wane ne ɗan takarar ba. "Sai wane" ba ya ambatar zalunci, ba ya ambatar gyara. Abin da yake koyarwa shi ne matsalar ƙasa matsalar hali ce, idan aka samu mutumin kirki guda ɗaya an gama. "Sak" kuma ya ɗauki mutuncin wannan mutum ɗaya ya raba wa ɗaruruwan 'yan takarar gwamna da majalisa waɗanda ba su yi wa kowa alƙawarin komai ba, wasunsu ma 'yan watanni kafin nan suna cikin jam'iyyar da ake cewa a canja.

Sakamakon ya bayyana da wuri. A watan Mayun 2016 litar fetur ta tashi daga naira 86 da kwabo 50 zuwa naira 145. A watan Satumba gwamnati ta ƙaddamar da wani sabon gangami da ke cewa canji daga kan kowane ɗan ƙasa zai fara, wato an juyo da kayan an ɗora wa wanda ya yi zaɓen. Magoya baya kuma, da yake mutum suka yi wa mubaya'a ba manufa ba, sai suka rasa ma'aunin da za su auna shi da shi. Duk wanda ya yi ƙorafi sai a ce maƙiyi ne, duk abin da ya lalace sai a ce na kusa da shi ne suka ɓata. Manomin 1979 zai iya cewa an soke haraji ko ba a soke ba. Matashin 2016 da me zai ce an cika ko an saɓa? Haka ake gani a Kano da "Kwankwasiyya, Amana". Babu mai musun cewa tafiyar tana da abin nunawa, musamman tura ɗalibai karatu ƙasashen waje, kuma jar hula da gangan aka ɗauko ta don tuna Malam Aminu Kano. Amma taken ya bi Rabi'u Musa Kwankwaso daga PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, ba tare da an sauya masa harafi ɗaya ba. Wannan shaida ce cewa da mutum aka ɗaure shi, ba da jam'iyya ba.

Za a ce mini ina kewar zamanin da ban yi wa adalci ba, domin siyasar NEPU da NPC cike take da duka da ɗauri da 'yan banga, kuma su ma mutanen wancan lokaci Malam Aminu Kano da Sardauna suke bi. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma wa wannan tashin hankali. Amma akwai gwajin da ke bambanta bin mutum saboda aƙida da bin aƙida saboda mutum, kuma PRP ta fuskance shi. Lokacin da jam'iyyar ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, 'yan santsi da 'yan taɓo, wasu daga cikin almajiran Malam Aminu Kano sun tsaya a gabansa suna cewa shi ne ya sassauta, su ne ke kan layin talakawa. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, iya yin wannan gardama ya nuna akwai wani ma'auni da ya fi shugaba tsawo, wanda za a iya auna shi kansa da shi. A ƙarƙashin "sai wane" irin wannan gardama ba ta yiwuwa, domin wanen shi ne ma'aunin.

Za a kuma ce duk wannan surutu ne, kuɗi ke cin zaɓe, taliya da atamfa da 'yan dubban da ake miƙawa a bakin rumfa. Ba na musun cewa ana sayen ƙuri'a. Amma a tambayi dalilin da ya sa ta yi araha. Mutumin da ya yi imani cewa ƙuri'arsa za ta soke harajin da ke kansa ba zai sayar da ita a kan ƙullin taliya ba, kuma tarihi ya nuna talakawan da suka fi na yau talauci sun karɓi ɗauri a kan kalma ɗaya. Wanda aka koya wa cewa siyasa zaɓi ce tsakanin wane da wane, kuma ya gwada wane ya ga babu bambanci, shi ne ke karɓar abin da ya samu a ranar, ko ya zauna a gida. Alƙaluman hukumar zaɓe suna nuna haka: kusan kashi 44 cikin 100 na masu rajista suka fito a 2015, kashi 35 a 2019, kashi 27 a 2023. Akwai dalilai da yawa a cikin wannan raguwa, har da rashin tsaro da ƙarancin takardun kuɗi a 2023, amma ba za a cire gajiyar mutanen da aka yi ta kira da kalmomin da ba a iya bin bashinsu ba.

Mu da ke aiki a gidajen rediyo muna da hannu a cikin wannan, kuma ya kamata a faɗa. A ƙasar Hausa rediyo ne babbar hanyar da take ke bi ya shiga gidaje. Mu ke sayar da fili ga sojojin baka su yi ta kirari da habaici, mu ke sa waƙoƙin 'yan takara dare da rana a lokacin kamfe. Babu laifi a cikin waƙar siyasa, NEPU ma da mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja ta isar da saƙonta. Laifin yana wajen barin ɗan takara ya shigo situdiyo ya maimaita takensa ya fita ba a tambaye shi komai ba. Gwamnati mai ci a Abuja ta zo a 2023 da taken sabunta fata, kuma a ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin man fetur, abin da manyan 'yan takara uku duka suka ce za su yi tun lokacin kamfe, amma babu wanda ya sa shi a takensa, kuma 'yan jarida kaɗan ne suka tilasta musu su bayyana wa mai keke Napep da mai shayi abin da hakan zai jawo musu. Wanda ya zo da "amana" a tambaye shi amanar me, ta kuɗin ƙananan hukumomi ko ta albashin malaman firamare. Wanda ya zo da "ceto" ya faɗi daga hannun wa, da wace doka, a cikin wata nawa. A ajiye amsar a faifai da kwanan wata, a sake sa masa ita a wannan fili bayan shekara biyu, yana zaune yana ji.